Yadda Ake Samun Gejin Auna Matsin Fetur Mai Rahusa Don Tsohuwar Mota Mai Injekta

Mafi yawan tsofaffin motocin da ke aiki a titunan Kano, Kaduna, Sakkwato da Maraɗi, wato ƙirar shekarun 1990 zuwa farkon 2000 da aka shigo da su daga Turai da Amurka, masu injekta ne, ba masu kafireta ba. Idan irin wannan mota ta fara wahalar tashi, ko tana fizga, ko ta rasa ƙarfi a hawa, hukuncin farko da ake yankewa a gareji shi ne famfon mai ya mutu. Gwajin da aka saba yi kuwa shi ne a zare tiyo, a murɗa makulli, a kalli yadda fetur ke tsartuwa, wani ma ya toshe bakin tiyon da babban yatsa don ya ji ƙarfinsa. Wannan gwaji ba ya nuna abin da ake nema, domin famfon da ya gaji yana iya feso mai da kyau idan babu abin da ya tare shi, amma ya kasa riƙe matsin da nozil, wato bakin da ke fesa wa inji mai, ke buƙata idan an rufe layin. Na'urar kwamfuta da ake jonawa a mota ita ma ba za ta taimaka a nan ba, saboda yawancin motocin wancan zamani ba su da sensa da ke sanar da ƙwaƙwalwar mota matsin fetur. Abin da ya rage shi ne geji na hannu, kuma mai rahusarsa bai kai kuɗin famfo na asali guda ɗaya ba.

Kafin ka nufi kasuwa, ka san cewa agogon gejin ba shi ne abu mai wuyar samu ba. Wahalar tana wajen kan da zai haɗa gejin da layin man motarka, da kuma ingancin tiyon da ke tsakaninsu. Mutane da yawa sun sayi akwati mai kyan gani, sun dawo gida sun tarar babu ko kai ɗaya a cikinsa da ya hau motarsu. Saboda haka aikin farko a ƙarƙashin bonet yake, ba a shago ba.

Abu na farko da za ka tantance shi ne irin tsarin feshin man da motar ke amfani da shi, domin shi ne zai faɗa maka iyakar ma'aunin da ya dace. Motocin da kowace silinda ke da nozil nata, waɗanda su ne suka fi yawa, suna aiki ne tsakanin bar 2.5 zuwa bar 4, wato kimanin psi 35 zuwa 60 (bar da psi ma'aunan matsi ne). Toyota Camry mai silinda huɗu ta 1992 zuwa 1996 tana son psi 38 zuwa 44 idan an zare tiyon zuƙar iska daga rigileta, wato na'urar da ke daidaita matsin mai a layin, ta 1997 zuwa 2001 kuma psi 44 zuwa 50. Golf 3 mai inji 2.0 tana nuna kusan bar 2.5 a silo, ta haura zuwa bar 3 idan an zare wannan tiyo, kuma yawancin Nissan na wancan lokaci suna kusa da haka, psi 34 a silo da psi 43 ba tare da tiyon ba. Akwai kuma motocin da nozil ɗaya ko biyu ne kawai ke zaune a saman maƙogwaron inji kamar kafireta, irin su Golf 3 mai inji 1.8 ta tsarin Mono-Motronic, wadda matsinta bai wuce kusan bar 1 ba, da tsofaffin motocin General Motors da ke aiki a psi 9 zuwa 13. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Marsandi 190E da V-boot na shekarun 1980 zuwa farkon 1990 masu tsarin KE-Jetronic na kamfanin Bosch, waɗanda matsinsu ya zarce bar 5. Waɗannan alƙaluma jagora ne kawai, kuma wajibi ne ka duba littafin gyaran motarka ta lambar injinta, domin mota iri ɗaya kan zo da inji daban-daban bisa ƙasar da aka yi wa ita.

Daga nan za ka gane cewa gejin da ya tsaya a psi 100, wato kusan bar 7, ya ishi kusan duk waɗannan motoci, kuma mai psi 140 ko bar 10, wanda shi ya fi yawa a akwatunan da ake kawowa daga Sin, shi ma yana aiki. Geji irin wannan ya fi faɗin gaskiya idan allurarsa tana tsakiyar fuska, don haka wanda ya kai psi 300 bai dace ba, domin bambancin psi 5, wanda shi ne tsakanin lafiya da ciwo a nan, ba zai fito a kansa ba. Mai motar nozil ɗaya kuma ya fi dacewa ya nemi ƙarami mai psi 30 ko 60. Gejin kafireta da ya tsaya a psi 10 ko 15 zai lalace a murɗin makulli na farko idan aka ɗaura shi a kan layin bar 3. Ka riƙe lissafin nan a kanka, domin littattafai ba su yi ittifaƙi kan ma'auni ɗaya ba: bar 1 daidai yake da kPa 100 da kuma psi 14.5, kuma kilogiram ɗaya a kan santimita murabba'i, wanda tsofaffin littattafan Japan ke amfani da shi, ya yi ƙasa da bar 1 da ɗan kaɗan.

Inda za a jona

Ka bi bututun ƙarfen da nozil ke jere a jikinsa ka duba ko akwai wani ɗan baki mai murfi, mai kama da bakin da ake ba taya iska. Idan akwai shi, ka huta, domin kusan kowane akwati yana zuwa da kan da ke hawansa. Motocin Amurka ne suka fi zuwa da shi, sai dai girmansa biyu ne: na General Motors da Chrysler babba ne, na Ford kuma ƙarami, don haka ka tabbata akwatin yana ɗauke da wanda ya dace da naka.

Motocin Japan, waɗanda su ne suka cika garejinmu, mafi yawansu ba su da wannan baki, kuma a nan ne ake yawan yin asarar kuɗi. A tsofaffin Toyota tiyon mai yana haɗuwa da filta ko da bututun nozil ne ta wani zobe na ƙarfe da bol mai rami a ciki ya ratsa, wanda ake kira banjo, da washa biyu na jan ƙarfe a sama da ƙasa. Abin da kake buƙata shi ne bol ɗin banjo na musamman mai mafita a kansa, ko dogo wanda zai ɗauki zobe biyu. Zarensa a motocin Japan yawanci M12 ne, wato kaurin milimita 12, mai tazarar zare milimita 1.25, a na Turai kuma M12 mai tazarar 1.5 ko M14 mai 1.5, kuma ido ba ya rabe tsakanin na farko da na biyu cikin sauƙi. Wanda ya tilasta bol mai tazarar 1.5 a ramin 1.25 zai cinye zaren filta ko na bututun nozil, ya jawo wa kansa gyaran da ya fi kuɗin gejin. Honda Accord da Civic na farkon shekarun 1990 sun zo da wani ƙaramin bol na milimita 6 a saman babban banjon, a kan filta ko a kan bututun nozil bisa shekarar motar, wanda an yi shi ne musamman don a kwance a ɗaura geji, saboda haka kan M6 kawai za ka nema. Nissan da yawancin Volkswagen na wancan zamani tiyon roba ne na milimita 8 da kilif, don haka mahaɗa mai baki uku ce za ka saka tsakanin filta da bututun nozil. Motocin ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama sun koma bututun leda mai tauri da kan da ake dannawa ya kulle, kuma su ma suna da nasu mahaɗa, girma biyu ko uku.

Shawarata ita ce ka ɗauki hoton wurin da waya, kuma idan banjo ne, ka nemi tsohon bol irinsa daga wajen masu kayan Beljiyam ka tafi da shi a aljihu, ka gwada zare da zare a gaban mai shagon. Mai Marsandi ta KE-Jetronic ko tsohuwar Golf GTI ta K-Jetronic lamarinsa daban ne, domin gwajinsa yana buƙatar geji mai tiyo biyu da bawul ɗin rufewa a tsakiya don a auna matsi iri biyu. Ƙaramin akwati ba ya zuwa da wannan, sai babba wanda aka rubuta CIS a jerin kayansa.

Inda za a saya, da abin da za a duba

Hanya mafi sauƙi ita ce masu sayar da kayan aikin makanikai, ba masu kayan gyaran mota ba, domin galibi shagunansu daban ne. A Kano akwai su a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, a Kaduna a Panteka, a Abuja a Apo, wanda kuma ke da mai aika masa daga Legas zai samu a Ladipo. Amfanin kasuwa shi ne za ka riƙe abin a hannu ka gwada. A intanet kuma ana samun su a Jumia, Konga, Jiji da AliExpress, inda ƙaramin akwatin kan zo da lambar TU-114, babba mai kawuna da yawa kuma TU-443. Masana'antu daban-daban ne ke buga waɗannan lambobi, don haka lambar ba shaidar inganci ba ce, kuma kayan ciki kan bambanta daga mai sayarwa zuwa wani. Kada ka dogara da hoton da aka ɗora, ka nemi a rubuto maka girman zaren kowane kai kafin ka biya. Farashi yana bin dala yana sauyawa, saboda haka ka tambayi wuri uku kafin ka tsaya a kan ɗaya.

Ga mai mota ɗaya, ƙaramin akwati da kai guda da ya dace ya wadatar, kuma sayen babba ɓarnar kuɗi ne. Ga makanike mai karɓar motoci iri-iri kuwa babban ya fi, kuma babu laifi makanikai uku ko huɗu da ke gareji ɗaya su haɗa kuɗi su saya tare, tunda ba kayan aikin kowace sa'a ba ne. Gejin hannu na kamfanoni irin su OTC, Actron ko Mityvac da ke fitowa cikin kayan aikin da aka yi amfani da su a waje ya fi sabon mai arha nagarta, muddin tiyonsa bai bushe ba.

Idan gejin ya zo hannunka, ka fara duba allura, wadda dole ta zauna daidai a kan sifili, ba sama ba, ba kuma a danne da ƙarfi a jikin ɗan ƙarfen da ke tare ta ba. Ka lanƙwasa tiyon ka duba ko zai nuna tsaga, ka ja inda aka matse shi da ƙarfe ka ji ko yana motsi, domin a geji mai rahusa nan ne wurin da ya fi saurin yoyo. Ka nemi wanda yake da maɓallin sakin matsi da siririn tiyon da zai kai fetur cikin kwalba, saboda shi ne zai fitar da iskar da ta maƙale a farko, kuma shi ne zai hana mai fallatsa a kan inji mai zafi lokacin kwancewa. Ƙananan zobban robar da ke cikin kawunan ma abin dubawa ne, kuma yana da kyau ka sayi na canji tun daga shagon. Gejin da aka cika fuskarsa da ruwan gilisarin allurarsa ba ta rawa, amma wannan ƙari ne, ba sharaɗi ba. Don ka san ko yana faɗin gaskiya, sau da yawa ƙaramin kan Ford yana hawa bakin taya, don haka sai ka auna tayar da ke da kusan psi 32 da shi, ka sake aunawa da gejin taya da ka yarda da shi, ka kwatanta. Bambancin psi ɗaya ko biyu ba damuwa ba ne, amma wanda ya kauce da psi 5 a mayar da shi. Idan babu wannan kai, sai ka ɗaura shi a kan lafiyayyiyar mota irin taka ka ga ko zai nuna abin da littafi ya ce.

Akwai kuma hanyar haɗa naka, wadda a ganina ta fi dacewa da mai Toyota ko Nissan da kai ɗaya kawai yake buƙata. Masu sayar da kayan famfon ruwa da kwamfuresa suna da geji na bar 6 ko bar 10 mai cikin tagulla, kuma fetur ba ya cin tagulla. Ka haɗa shi da mahaɗar tagulla mai baki uku, da tiyon mai na injekta, da kilif masu santsin ciki da ake ɗaurewa da noti. A kan tiyon ne ba na yarda a yi rowa ko kaɗan. Wanda aka yi don injekta yana ɗauke da rubutun SAE J30R9 a jikinsa, mai J30R7 kuma na ƙaramin matsi ne, tiyon ruwa ko na iskar gas ɗin girki kuwa fetur yana narkar da shi ya fashe ba tare da gargaɗi ba. Idan banjo ne, masu injin sassaƙa ƙarfe za su iya huda kan tsohon bol su yanka masa zaren da zai karɓi bakin tiyo, amma ka wanke shi sarai, domin ɓurɓushin ƙarfe ɗaya ya isa ya toshe nozil. Zaren bayan geji shi ma iri biyu ne, NPT da BSP, kuma suna kama da juna, don haka ka sayi gejin da mahaɗarsa a shago ɗaya. Gejin gwada kwamfureshan inji bai dace ba, saboda yana da bawul da ke riƙe allura kuma ma'auninsa ya yi yawa, haka ma tiyon masu gyaran na'urar sanyaya mota, ko da bakinsa ya hau, ba don fetur aka yi robarsa ba. Dukkan wannan bayani bai shafi injin dizal ko sababbin injinan fetur masu fesa mai kai-tsaye cikin silinda ba, domin matsin waɗannan ya ninka abin da irin wannan geji zai ɗauka sau da yawa, kuma yana iya huda fatar mutum.

Yadda ake aiki da shi

A yi aikin a fili, inji a sanyaye, babu mai shan taba ko mai walda a kusa, da abin kashe gobara a gefe da kuma tabarau a ido. Layin mai yana riƙe matsi ko bayan an kashe mota, don haka ka cire fis ko rilen famfon mai, ka tayar da inji ka bar shi ya mutu da kansa, ka cire kan batir na negatif, sannan ka naɗe mahaɗar da tsumma ka sassauta a hankali. Ka ɗaura gejin, ka mayar da fis da batir, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. A yawancin motoci famfon zai yi aiki na kimanin daƙiƙa biyu ya tsaya, sai ka maimaita sau biyu ko uku kana duba yoyo a kowace mahaɗa. Tsofaffin Toyota da yawa ba sa kunna famfo da murɗin makulli kawai, sai an haɗa ramukan +B da FP da guntun waya a ɗan akwatin gwaji da ke ƙarƙashin bonet.

Idan babu yoyo, ka tayar da inji ka karanta a silo, sannan ka zare tiyon zuƙar iska daga rigileta, inda ya kamata allura ta haura da kusan rabin bar, wato psi 7 zuwa 10. Idan ba ta motsa ba, ko dai rigiletan ya lalace ko tiyon ba ya zuƙa, idan kuma ka ga fetur a cikin tiyon, fatar cikin rigiletan ta yage. Matsin da ya yi ƙasa ba ya nufin famfo kai-tsaye, domin filta da ta toshe, ragar da ke bakin famfo a cikin tanki, wayar da ba ta kai wuta isasshiya, da rigileta da ke sakin mai da wuri duk suna ba da alama iri ɗaya. Wannan ya fi yawa a wurarenmu, inda ake sayen fetur a jarka a bakin titi kuma ake yawo da tanki kusan a bushe, abin da ke tara datti a raga kuma yake hana famfo sanyin da man ke ba shi. Don ka rabe, sai ka matse tiyon da ke mayar da mai tanki na daƙiƙa biyu ko uku kawai: idan allura ta yi tsalle sama, famfon yana da ƙarfi kuma zargi ya koma kan rigileta, idan kuma ba ta tashi ba, sai a duba filta da wuta kafin a taɓa famfo. Tiyon roba kawai ake matsewa, ba bututun leda ba, kuma motocin da ba su da layin komawa, kamar Camry ta 1997 zuwa sama, rigiletansu yana cikin tanki, don haka wannan gwaji bai shafe su ba. Matsin da ya yi yawa kuma yana nuna layin komawa ya toshe ko rigileta ya maƙale, kuma motar za ta riƙa shan mai tana baƙin hayaƙi.

Bayan ka kashe inji, kada ka yi saurin kwancewa, domin a nan ne ake gano dalilin motar da ke wahalar tashi idan ta yi zafi. Volkswagen ta ce a Golf 3 mai inji 2.0 matsin ya kasance aƙalla bar 2 bayan minti 10, sauran kamfanoni ma suna da ƙa'ida makamanciyar wannan. Idan allura ta sauka da sauri, ka sake cika layin ka matse tiyon da ke kawo mai ta ɓangaren tanki, kuma idan ta tsaya, bawul ɗin cikin famfo ne ke mayar da mai baya. Idan ta ci gaba da sauka, ka matse na komawa, wanda zai tona rigileta, idan kuma duka biyun suna matse amma tana sauka, to nozil ne ke ɗiga a cikin inji. Motar da ke nuna lafiya a tsaye amma take shaƙewa a hawa tana buƙatar gwaji a kan hanya: ka fito da gejin ta gefen bonet, ka manne shi a wajen gilashin gaba, wani ya riƙa karantawa kai kana tuƙi, kuma kada a shigar da tiyon fetur cikin mota ko da wasa. Idan an gama, ka saki matsin ta maɓalli zuwa cikin kwalba, ka mayar da bol ɗin banjo da sababbin washa na jan ƙarfe tunda tsofaffin sun riga sun matsu, ka tayar da inji ka sake duba yoyo, sannan ka rataye gejin, tiyonsa na kallon ƙasa, har fetur ɗin ciki ya tsiyaye kafin ka mayar da shi akwati.